Yadda ake lissafin nauyin mol na iskar naitrojin, da inda 14 ke komawa 28

Wata Asabar bayan la'asar ina zaune a soron gidanmu a Ƙofar Marusa, sai ɗan ƙanwata da ke aji biyu a babbar sakandare ya shigo da sallama, fuska a murtuke. Ya durƙusa ya gaishe ni a gurguje, ya miƙo mini littafinsa. Ya ce, "Kawu, don Allah duba mini nan. Malam ya zabga mini jan biro, alhali lissafina daidai yake."

Tambayar gajera ce: mol nawa ne a cikin giram 7 na iskar naitrojin? A ƙarshenta an rubuta N = 14. Yaron ya raba 7 da 14, ya sami 0.5, har ya ja wa amsar layi biyu a ƙasa don jin daɗi. Na ce masa malaminsa bai zalunce shi ba, amsar 0.25 ce. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "To Kawu, ba su da kansu suka ba da 14 ɗin ba?"

Su suka bayar. Amma nauyin atom ɗaya suka ba shi, tambayar kuwa a kan iska take, ita kuma iskar naitrojin ba ta yawo da atom ɗai-ɗai.

Na daɗe ina koyar da kemistiri a nan Katsina, kuma duk shekara idan aka zo gwajin share fage kafin WAEC da NECO sai na ga wannan 14 ta ci wa yara maki. Abin takaicin ma, masu kaifin ƙwaƙwalwar ta fi kamawa, waɗanda hannunsu ke rigan idonsu. Sauri ya haifi nawa. Lissafin kansa ɗan firamare zai yi shi, 14 sau 2 ne kawai. Inda aikin yake shi ne sanin lokacin da za a ninka da lokacin da za a bar ta yadda take. Ga yadda na bi da yaron a ranar, daga tushe.

Mataki na farko: ka san me ake nufi da mol

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen goron ɗaurin aure ya san ƙwarya. Idan ka ce wa mai goro ya ba ka ƙwarya ɗaya, goro 100 zai ƙirga maka. Ƙwarya ƙidaya ce. Ƙwaryar marsa 100 ce, ƙwaryar minu ma 100 ce, amma ɗora su a sikeli ka gani, ta marsa za ta rinjayi ta minu nesa ba kusa ba, domin kowane goro ɗaya a cikinta ya fi girma.

To haka mol yake, shi ne ƙwaryar masu kemistiri. Bambancin kawai, ƙwayoyin da suke ƙirgawa sun yi ƙanƙantar da 100 ba za ta yi musu komai ba, don haka ƙwaryarsu na ɗauke da ƙwaya 6.02 × 10²³. Wannan adadi shi ake kira lambar Avogadro, don tunawa da Amedeo Avogadro, masani ɗan ƙasar Italiya. Tun daga shekarar 2019 an tsayar da lambar cak a kan 6.02214076 × 10²³, amma a jarrabawa 6.02 × 10²³ ta wadatar.

Nauyin mol, wanda a aji za ka ji malamai na cewa mola mas, shi ne nauyin wannan ƙwarya ɗaya idan aka ɗora ta a sikeli, a giram. Shi ya sa ake rubuta ma'auninsa g/mol, ko g mol⁻¹, wato giram kaza a kowane mol ɗaya. Malaman fizis za su ce kalmar nauyi ba ta yi daidai ba a nan, su suna raba tsakanin yawan abu da ƙarfin da ƙasa ke jan sa da shi. Sun yi gaskiya, amma mu a nan abin da sikeli ya nuna a giram muke nufi.

Ka lura da abu guda: mai goro ba zai ƙirga maka komai ba sai ka faɗa masa ƙwaryar me kake so. Haka nan "mol ɗaya na naitrojin" magana ce da ba ta cika ba. Mol na atom, ko mol na molikul, wato atom biyu ko fiye da suka ɗauru da juna? Rikicin gaba ɗaya daga nan yake tasowa.

Mataki na biyu: ɗauko lambar da ta dace daga jadawali

Buɗe jadawalin sinadarai da ke bayan littafinka. Naitrojin na layi na biyu, tsakanin kabon da oksijin, alamarsa N. A cikin akwatinsa za ka ga lambobi biyu, 7 da 14.007, wani littafin ya rubuta 14.01, wani kuma 14 kawai.

Ita 7 lambar atom ce, yawan furoton da ke cikin cibiyar atom ɗin. Lambar shaida ce, kamar lambar ɗalibi a rajista, ba ta shiga lissafin nauyi. Wadda kake nema ita ce babbar, 14.007. Idan ka rikice ka rasa wacce ce wacce, ɗauki wadda ta fi girma, galibi kuma ita ce mai ɗigo.

Akwai wani tarko a nan da na sha gani. Yaro ya ji ana cewa a ninka da biyu, sai ya ɗauki 7 ya ninka, ya sami 14, ya duba ƙasan tambaya ya ga N = 14, ya ce alhamdu lillahi ta fito. Kuskure biyu ne suka haɗu suka yi kama da gaskiya.

Me ya sa 14.007, ba 14 cif ba? Domin naitrojin iri biyu ne a duniya, abin da ake kira aisotof. Akwai naitrojin-14 mai furoton 7 da niyutron 7, shi ne kimanin kashi 99.63 cikin 100. Akwai naitrojin-15 mai niyutron 8, kimanin kashi 0.37. Idan aka ba ka waɗannan aka ce ka fitar da matsakaici, sai ka ninka nauyin kowanne da kasonsa, ka tara:

14.003 × 0.9963 = 13.951
15.000 × 0.0037 = 0.056
Jimla = 14.007

Wannan lamba ba ta da ma'auni a bayanta, don kwatance ce. Ana gwada kowane atom ne da kashi ɗaya cikin 12 na nauyin atom ɗin kabon-12, tsarin da aka amince da shi tun 1961. Sai ka liƙa mata g/mol sannan ta zama nauyin mol: mol ɗaya na atom ɗin naitrojin giram 14.007 ne.

Mataki na uku: rubuta fomular abin da aka tambaye ka

Nan na fi daɗewa da yaron, kuma nan nake so mai karatu ya daɗe.

Atom ɗin naitrojin na da ilektron 7, biyu a zagayen ciki, biyar a na waje. Yana bukatar takwas a waje kafin ya natsu, ke nan uku suka rage masa. Idan babu wani sinadari a kusa, sai ya kama ɗan'uwansa, kowa ya kawo uku su yi tarayya. Wannan ɗauri mai igiya uku shi ake zanawa N≡N, kuma yana cikin ɗauri mafi ƙarfi da aka sani. Kafin ka tsinka na mol ɗaya sai ka kashe kimanin kilojul 945, alhali na oksijin kimanin 498 ne. Shi ya sa iskar naitrojin ba ta da kwaramniya, ba ta cin wuta, ba ta taya wuta ci, muna shaƙar ta muna fitar da ita yadda ta shiga, duk da ita ce kashi 78 cikin 100 na iskar da ke kewaye da mu.

Na tambayi yaron ko ya taɓa ganin manomi a hanyar Batsari ko ta Jibiya ya ɗaura wa sa ɗaya karkiya yana huɗa. Ya yi dariya ya ce a'a, ai shanun huɗa biyu ne. Na ce to idan aka ce maka nauyin sa ɗaya kaza ne, aka tambaye ka nauyin shanun huɗa, me za ka yi? Ya ce ninkawa. Na ce iskar naitrojin shanun huɗa ce. Fomularta N₂, wannan ƙaramar 2 ta ƙasa ita ce karkiyar.

Mai fitar da tambaya ba zai rubuta maka N₂ = 28 ba, domin abin da yake son gwadawa ke nan. Zai ba ka N = 14 ya koma gefe ya zuba ido. Saboda haka da zarar ka ga kalmar gas a jikin naitrojin, ko kalmar molikul, ko an ambaci lita, ko cm³, ko dm³, ko matsi, ko s.t.p. (zafi da matsi na ƙa'ida), kafin ka taɓa kalkuleta rubuta N₂ a gefen takarda, ka zagaye ta.

Kada kunya ta kama wanda ya taɓa faɗawa wannan rami. Manyan masana sun yi kusan shekara hamsin a cikinsa. Avogadro ya kawo maganar cewa irin waɗannan iskoki bibbiyu suke tafiya tun 1811, ba a saurare shi ba. Sai a taron masana kemistiri da aka yi a birnin Karlsruhe na Jamus a 1860, lokacin ma ya rasu, wani ɗan ƙasarsu mai suna Stanislao Cannizzaro ya farfaɗo da maganar, aka fara rarrabe atom da molikul yadda ya kamata.

Naitrojin ba shi kaɗai ba ne mai wannan hali. Su bakwai ne: haidrojin H₂ mai 2, naitrojin N₂ mai 28, oksijin O₂ mai 32, fulorin F₂ mai 38, kulorin Cl₂ mai 71, buromin Br₂ mai 160, da ayodin I₂ mai 254. Haddace su kamar sunayen ƙofofin gari. Su hiliyam da niyon da agon kuwa gwauraye ne, ba a ninka su.

Mataki na huɗu: ninka, ka sa ma'auni

Nauyin mol na N₂ = 2 × 14 = 28 g/mol

Idan an ba ka 14.01, amsarka 28.02. Idan 14.007 aka ba ka, 28.014. Yi aiki da lambar da ke kan takardar tambaya, kada ka kawo wadda ka haddace daga wani littafi. Kuma kada ka bar 28 tsirara. Idan nauyin mol aka tambaya, sai da g/mol. Idan kuma nauyin molikul na kwatance aka tambaya, wanda ake yi wa alamar Mr, to 28 ce kawai ba ma'auni. Masu duba takarda na cire maki a kan wannan, ni ma ina cirewa, kuma ba na jin roƙo.

Iyakar lissafin ke nan. Sauran aikin shi ne amfani da ita.

Komawa kan tambayar yaron

Yawan mol = nauyi a giram ÷ nauyin mol
n = 7 ÷ 28 = 0.25 mol

Daga wannan 0.25 komai ke fita. Idan aka ce lita nawa za ta cika a s.t.p., wato zafi 0°C ko 273 K da matsin atmosfiya 1, inda mol ɗaya na kowace iska ke cika dm³ 22.4, sai ka ce 0.25 × 22.4 = 5.6 dm³. Shi dm³ ɗaya daidai yake da lita ɗaya, ko cm³ 1000. Idan aka ce molikul nawa ne, 0.25 × 6.02 × 10²³ = 1.505 × 10²³. Idan aka ce atom nawa ne, sai ka sake ninkawa da biyu, 3.01 × 10²³, tunda kowane molikul atom biyu ne.

Dubi abin da 14 za ta jawo. Mol zai zama 0.5, lita ta zama 11.2, molikul ya ninku. Kuskure ɗaya a layin farko ya bi duk sauran layukan ya ɓata su. A tambayoyin zaɓi na JAMB kuwa, amsar da 14 ke bayarwa kusan kullum tana zaune a cikin zaɓin tana jiran mai gaggawa. Ganin amsarka a cikin A zuwa D ba shaida ba ce cewa ka yi daidai.

Idan ba a ba ka N = 14 ba fa?

Wani lokaci ana juya tambayar. A ba ka awon da aka yi wa iskar, a ce ka fito da nauyin mol ɗinta. Wannan ya fi mini daɗin koyarwa, don a nan yaro ke ganin cewa 28 ba malami ne ya ƙirƙiro ta ba, sikeli ne ya faɗa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta densiti, wato nauyin lita ɗaya. A s.t.p. lita ɗaya ta iskar naitrojin giram 1.25 ce. Mol ɗaya kuwa lita 22.4 ne. To nauyin lita 22.4 nawa ke nan? 1.25 × 22.4 = 28. Da a ce atom ɗai-ɗai ne ke yawo a cikin iskar, da lita ɗaya ba ta wuce giram 0.625 ba. Da na nuna wa ɗan ƙanwata wannan, shiru ya yi yana kallon kalkuleta. Gani ya kori ji.

Ga wata mai kama da ita. Wata iska mai nauyin giram 0.56 ta cika cm³ 448 a s.t.p. Fara mai da cm³ zuwa dm³, 448 ÷ 1000 = 0.448. Nemo mol, 0.448 ÷ 22.4 = 0.02. Sannan nauyin mol, 0.56 ÷ 0.02 = 28 g/mol.

Akwai kuma densitin tururi, wato sau nawa iska ta fi haidrojin nauyi idan suka cika wuri iri ɗaya. Na naitrojin 14 ne, kuma ƙa'idar ita ce a ninka shi da biyu a sami nauyin molikul, 28. Kada ka rikita wannan 14 da ta jadawali. Sun yi kama a ido, amma ba hanya ɗaya ta kawo su ba.

Sai mai ɗan wuya, idan ba a s.t.p. aka yi awon ba. Mu a Katsina wa ya taɓa ganin 0°C a aji? Ko a tsakiyar hunturu ba ma kaiwa nan, a watan Afrilu kuwa 40°C ba baƙuwa ba ce. Iska na buɗewa idan ta ji zafi, don haka 22.4 ba ta aiki. A 40°C da matsin atmosfiya 1, mol ɗaya na cika kimanin lita 25.7. A irin wannan hali sai a koma ga PV = nRT, inda P matsi ne, V lita nawa iskar ta cika, n yawan mol, T zafi a ma'aunin Kelbin, R kuma tsayayyar lamba ce da ake bayarwa.

Misali: giram 1.40 na wata iska ya cika dm³ 1.23 a zafin 27°C da matsin atmosfiya 1. An ba da R = 0.082.

Fara mai da zafi zuwa Kelbin: 27 + 273 = 300 K
n = PV ÷ RT = (1 × 1.23) ÷ (0.082 × 300) = 1.23 ÷ 24.6 = 0.05 mol
Nauyin mol = 1.40 ÷ 0.05 = 28 g/mol

Wanda ya manta ya ƙara 273 ya sa 27 kai tsaye zai sami kimanin 2.5 g/mol. Ido ba mudu ba, ya san kima. Babu wata iska mai wannan nauyi, haidrojin 2 ne, mai bi masa hiliyam 4. Idan amsa ta fito haka, koma baya ka nemo inda ka yi tuntuɓe. Haka kuma idan an ba da matsi a faskal, R ɗin 8.314 ne, kuma dole a mai da lita zuwa m³. Kada ka auri R ɗin wannan gida ka kai wancan.

Wani abu kuma: samun 28 bai tabbatar da cewa iskar naitrojin ce ba. Kabon monoksaid, CO, gubar da ke cikin hayaƙin janareta da garwashin da ake shiga da shi ɗaki lokacin sanyi, 12 + 16 ne, 28. Etin, C₂H₄, shi ma 24 + 4 ne, 28. Kama da wane ba wane ba. Shi ya sa a tambayar dokar Graham, mai magana kan saurin bazuwar iska, za a ce maka wace iska ce ke bazuwa da sauri ɗaya da naitrojin, amsar CO ce ko etin, don nauyinsu ɗaya.

Inda ba a ninkawa

Bayan kwana biyu yaron ya dawo da wani sabon kuskure, wanda ni na jawo masa. An ce ya nemo nauyin mol na amoniya, NH₃, ya rubuta 28 + 3 = 31. Na ce ina ka samo 28? Ya ce, "Kawu, ba kai ka ce naitrojin shanun huɗa ba ne?"

Na ce iskar naitrojin na ce. Idan atom ɗin ya shiga cikin wani haɗi, ya rabu da ɗan'uwansa, ya kama wasu abokan. A nan fomula kawai za ka bi, ka ƙirga N nawa ka gani, ka ba kowanne 14. Amoniya N ɗaya ne, 14 + 3 = 17. NO₂ N ɗaya ne, 14 + 32 = 46. HNO₃ shi ma ɗaya, 1 + 14 + 48 = 63. N₂O kuwa biyu ne, 28 + 16 = 44, amma fomular ce ta ce biyu.

Misalin da ya fi shiga kan yaranmu shi ne na taki, don kusan kowa a ajin ya taɓa ɗaukar buhu zuwa gona. Takin yuriya fomularsa CO(NH₂)₂. Kabon 12, oksijin 16, sai abin da ke cikin baka, 14 + 2 = 16, sau biyu 32. Jimla 60 g/mol. A cikin 60 ɗin nan naitrojin 28 ne, atom biyu. Raba 28 da 60 ka ninka da 100, ka sami kashi 46.7. Yanzu je ka duba jikin buhun yuriya a shagon masu taki, za ka ga an rubuta 46. Ma'ana a buhu mai kilo 50, kimanin kilo 23 ne naitrojin. Yi wa amoniyam salfet, (NH₄)₂SO₄, irin wannan lissafi: nauyinsa 132, naitrojin 28, kashi 21. Ke nan buhun yuriya ɗaya ya fi buhu biyu na wancan yawan naitrojin. Manomin da ya san wannan ba za a yi masa wayo a kasuwa ba.

Ita yuriyar ma daga iskar aka samo ta. Ana kama N₂ na sararin sama a haɗa shi da haidrojin a ƙarƙashin matsi mai tsanani da zafi a sami amoniya, wadda da ita ake yin yuriyar, ta hanyar da Fritz Haber na Jamus ya gano a 1909, Carl Bosch ya mai da ita aikin masana'anta a 1913:

N₂ + 3H₂ → 2NH₃

Wannan layi ɗaya ya ƙunshi duka darasin. A hagu naitrojin iska ce, 28. A dama yana cikin haɗi, 14 a kowane molikul. Giram 28 da giram 6 sun ba da giram 34, wato 17 sau biyu. Idan aka ce giram nawa na amoniya za a samu daga giram 56 na iskar naitrojin, sai ka ce 56 ÷ 28 = mol 2, kowane mol na haifar da biyu, mol 4 ke nan, 4 × 17 = giram 68. Gwada amsar: giram 56 na naitrojin da giram 12 na haidrojin, 68 cif. Mai aiki da 14 zai sami 136, ya fitar da abin da ya ninka abin da ya zuba. Ko a kasuwar Mai'adua ba a irin wannan riba.

A ganina abin da ya sa darasin ke yi wa yara nauyi shi ne ba sa ganin iskar, sai su ɗauka lambobi ne kawai a allo. Don haka nakan sa su auna ajinsu da taku. A ce tsawo mita 9, faɗi 7, tsayi 3, ya ba da m³ 189, wato lita 189,000. Kashi 78 na wannan ya kai lita 147,000 da ɗoriya. A zafin ajinmu mol ɗaya kimanin lita 25 ne, ke nan mol wajen 5,900. Ninka da 28, ka mai da shi kilo, za ka ga ya haura 160. Nauyin buhun taki uku da wani abu na yawo a kan kawunansu, ba wanda ya lura. Nakan kuma tuna musu cewa marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa kemistiri ya karanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya kuma koyar da shi kafin ya zama gwamna a 1999. Darasin ba baƙo ba ne a garin nan.

Ɗigon da ake rainawa

Yaro ɗaya ya taɓa tambayata ko akwai amfanin wahalar da kai a kan 28 da 28.014. A jarrabawar sakandare babu, sai dai idan an ba ka lambar mai ɗigo. Amma na ba shi labarin Lord Rayleigh na Ingila. A 1892 yana auna nauyin naitrojin, sai ya lura wanda ya tace daga iskar sarari kullum ya fi wanda ya haɗa daga sinadarai nauyi. A ƙarshe awonsa ya nuna lita ɗaya ta na sarari giram 1.2572 ce, ta ɗayan kuwa 1.2505. Ninka kowanne da 22.4, ka sami 28.16 da 28.01. Bambancin kimanin kashi ɗaya cikin 200 ne kawai, wani zai ce sikeli ne ya yi gardama. Shi ya ce ruwa ba ya tsami banza. Shi da William Ramsay suka bi sawu, a 1894 suka gano akwai wata iska mai nauyi, wajen 40, ɓoye a cikin naitrojin na sarari, ita ce agon. A 1904 dukansu biyu suka sami kyautar Nobel, Rayleigh a fizis, Ramsay a kemistiri.

Wannan na da amfani a jarrabawa kai tsaye. Idan aka tambaye ka me ya sa naitrojin da aka samu ta hanyar bi da iska cikin ruwan soda mai ƙuna don cire kabon dayoksaid, sannan a kan jan ƙarfe mai zafi don cire oksijin, ya fi wanda aka samu daga dafa amoniyam naitrait, NH₄NO₂, nauyi, amsar ita ce na farkon na gauraye da agon da 'yan'uwansa.

Yadda za ka shimfiɗa aikin a takarda

A takardar rubutu ana ba da maki ne a kan layuka, don haka kada ka jefa amsa ita kaɗai. Layin farko rubuta N₂. Na biyu, 2 × 14 = 28 g/mol. Na uku, ƙa'idar da za ka yi aiki da ita. Na huɗu, zuba lambobi. Na ƙarshe, amsa da ma'auninta. Ko kalkuleta ta yaudare ka a ƙarshe, layukan sama za su kawo maka wani abu.

Waɗannan su ne na bar wa ɗan ƙanwata kafin a kira magariba, kai ma gwada su kafin ka leƙa amsa. Nauyin dm³ 11.2 na iskar naitrojin a s.t.p. giram nawa ne? Atom nawa ne a cikin giram 2.8 na iskar? Tsakanin giram 14 na iskar naitrojin da giram 14 na iskar oksijin, wanne ya fi yawan molikul? Kashi nawa ne naitrojin a cikin NH₄NO₃, idan H = 1, N = 14, O = 16?

Ta farko giram 14 ce, don rabin mol ne, kuma da gangan na zaɓe ta. Ta biyu 1.204 × 10²³. Ta uku naitrojin ne, mol 0.5 a kan 0.4375. Ta huɗu, nauyin mol 80 ne, naitrojin 28, kashi 35. Yaron ya ci uku, ya faɗi ta biyu, ya tsaya a molikul ya manta atom aka tambaya.